Kwana 9 a ɗakin mata na asibitin gwamnati: abin da na gani da idona

Kwana 9 muka yi da Inna a babban asibitin gwamnati na garinmu, bayan hawan jininta ya tashi har ɓarin jikinta na hagu ya saki. Ni ce mai jinya, a tabarma nake kwana gefen gadonta. Tun da muka dawo 'yan dubiya ke tambayata ko asibitin yana da kyau, to ga amsata.

Likitoci dai ba ni da ƙorafi a kansu. Suna zagayawa kowace safiya, kuma maganin da suka ɗora ta a kai ya karɓe ta. Kuɗin kati da na gado ma da sauƙi idan aka gwada da asibitin kuɗi. Sai dai duk abin da za a taɓa jikin mara lafiya da shi sai kin sayo: safar hannu, sirinji, kanula, filasta, ruwan da za a ƙara mata. Sau uku ana rubuta mana magani a ce babu a cikin asibiti, sai ƙanena ya hau babur ya nufi kemis.

Da dare ne ake sanin halin da wurin yake ciki. Gadaje 24 na ƙirga a ɗakin, kowanne da mutum a kai, ma'aikatan jinya kuma biyu. A daren farko ruwan Inna ya ƙare, jini ya fara hawa robar, na kira har sau uku ba a zo ba. Na ɗaga murya, na faɗi maganar da har yau nake nadamarta. Sistar ta zo ta canza ruwan, ta ce min, "Hajiya, yi haƙuri, hannu biyu gare ni." Da na leƙa inda ta fito, wata mai ciwon suga ce ta sume.

Dare na uku aka ɗauke wuta, janareto kuma aka kashe shi da sha biyu don a tsimi mai. Ni na haska wa Sistar da fitilar wayata tana neman jijiya a hannun Inna, hannun tsohuwa da jijiyarsa ta ɓuya. Karo ɗaya ta samu. Wallahi a nan girmanta ya cika min ido.

Wajen asuba, tana cike fayil, muka ɗan taɓa hira. Ta ce da ta fara aiki su huɗu ke kwana a ɗakin. Biyu sun tafi Ingila, ɗaya Saudiyya, ba a maye gurbin kowa ba. Ban yi mamaki ba, don a watan Fabrairun 2024 hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ta ce ma'aikatan jinya 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara 3. Da na tambaye ta yajin aikin da ƙungiyarsu ta shiga a ƙarshen Yulin 2025, sai ta ce mutane albashi kawai suka ji, alhali cikin buƙatun har da a ɗauki ƙarin ma'aikata.

Abin da ke ci min rai ke nan. A Abuja, a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, amma gwamnatin tarayya kusan kashi 5 take yawo a kai. Adadin kuɗin yana ƙaruwa a takarda, sai dai dalar da take ƙasa da naira 500 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, galibin magunguna da kayan aiki kuwa daga waje ake shigo da su. Ga Amurka ta dakatar da tallafinta a Janairun 2025. Duk giɓin nan a kan ma'aikaciyar jinya yake sauka da ƙarfe biyun dare, ita kuma muke zagi don ita ce a gabanmu.

Banɗakin bai yi ba ko kaɗan, ruwa sai an ɗebo a jarka. Wannan kam har da sakaci, ba rashin kuɗi kaɗai ba.

Wanda zai kai mara lafiya can, ina ba shi shawara ya kai, amma ya tafi da mai jinya mai ƙarfin jiki, da fitila, da gidan sauro, da kuɗin kemis a hannu. Kafin a sallame mu, Sistar nan ta tsaya bayan ta tashi aiki ta koya min yadda zan riƙa juya Inna duk bayan awa 2 don kada kwanciya ta yi mata gyambo, da yadda zan motsa mata hannu da ƙafa. Yanzu Inna tana takawa da sanda daga ɗaki zuwa tsakar gida. Ranar Talata za mu koma a duba ta.