Saniyar fanto ta haya: kai ya yi, kofato bai yi ba

Wanda bai san fanto (pantomime) ba sai ya ɗauka wasan bebaye ne. A Ingila ba haka abin yake ba. Wasan barkwanci ne na lokacin Kirsimeti, daga Disamba zuwa farkon Janairu, cike da waƙa da rawa da ihun yara 'yan kallo. Namiji ne ke fitowa a matsayin uwa, irin fitowar da Dan Leno ya yi suna da ita a gidan wasa na Drury Lane da ke Landan tun daga 1888. A tatsuniyar Jack da itacen wake kuwa dole a sami saniyar da za a kai kasuwa, wadda galibi ake kira Daisy, kuma mutum biyu ne a cikinta. Kayan wannan saniya ƙungiyarmu ta ɗaliban wasan kwaikwayo ta ɗauko haya na mako biyu, alhali atisayen gaba ɗaya mako huɗu ne.

Abin da ya zo a jaka: kai mai ƙaho da kunnuwa, rigar gangar jiki, wanduna biyu masu maɗaurin kafaɗa, murfin kofato huɗu, wutsiya, da hantsa da ake maƙalawa da maɓallai.

Kan shi ne abin yabo. Ba shi da nauyi, an yi shi da soso a kan hular kwano mai maɗauri a haɓa, don haka ba ya zamewa idan saniya ta gyaɗa kai. Igiya biyu ke saukowa ta cikin wuya, ɗaya ta baki, ɗaya ta fatar ido. Ta idon nan ita ce rabin dariyar wasan: saniya ta juyo ta kalli yara ta lumshe ido sau ɗaya a hankali, zaure ya ɗauka. Amma igiyoyin kala ɗaya ne, kauri ɗaya, a cikin duhu kuma ba a bambance su. A ɗaure ƙulli biyu a ta baki tun ranar farko, in ba haka ba saniya za ta riƙa hamma a inda ya kamata ta yi fari da ido.

Na gaba a cikin saniyar yana tsaye ne a miƙe, yana leƙe ta wata raga da ke wuyan saniyar. Ragar ta yi ƙanƙanta. Gabansa yake gani kawai, ba ya ganin bakin dandamali a ƙarƙashinsa, kuma da zarar fitilu sun haske shi sai komai ya zama fari fat. Maganinsa salatif mai haske a ƙasa, taku biyu kafin baki, a kuma haddace yawan taku daga bayan labule zuwa kowace tsayawa.

Na baya kuwa shi ne jakin aikin. A sunkuye yake, hannuwansa a ƙugun na gaba, ba abin da yake gani sai dugadugan abokinsa da katakon ƙasa. Kamfanin hayar bai haɗo da bel mai mariƙi ba, wanda ya kamata a ce yana ciki. Sai an nemo bel mai faɗi an ɗinka masa madauki biyu. Idan babu shi, na baya wandon na gaba zai riƙa ja, maɗaurin kafaɗa ya saki, bayan saniya ya lotsa a tsakiya kamar tsohuwar katifa.

Tafiya ita ce ke cin lokaci, kuma nan ne hayar mako biyu ta gaza. A makonnin farko an yi atisaye da bargo a lulluɓe, ya taimaka wajen haɗa ƙafa: su fara da hagu tare, na gaba yana ƙirga ɗaya zuwa huɗu ƙasa-ƙasa, na baya yana amsawa da matsi a ƙugu, sau ɗaya a tsaya, sau biyu a rage gudu. Amma bargo ba shi da ƙaho. Ranar da kan gaske ya zo aka gane ba ya wucewa ta tsakanin labule da bangon gidan Jack sai an karkata shi, kuma kwana ba ta yiwuwa a wuri ɗaya. Dole na gaba ya zagayo da faɗi kamar tirela, ya bar wa na baya wurin biyowa. Sai da aka sake tsara shiga uku. Duk mai niyyar haya ya nemi a ba shi kan tun makon farko, ko a aiko masa da awon faɗinsa ya yanka kwali daidai da shi.

Kofaton ya ba da kunya. Murfi ne kawai da ake sawa a kan takalmi, ƙasansa yadi mai santsi da roba ɗaya siririya. A fanto akwai fitowar da ake watsa wa juna kumfa, kuma ko an goge ƙasa da tsumma danshi na nan. Yadin ya jiƙe, ya naɗe ƙarƙashin tafin ƙafa, na baya ya zame ya janyo na gaba. A naɗe gefen murfin sama da yatsa biyu a kama shi da fil, ta yadda tafin takalmin roba ne zai taɓa ƙasa, a kuma roƙi darakta kada saniya ta shigo nan take bayan kumfa. Waƙa guda a gaban labule ta isa a busar da wurin.

Zafi ba laifin kamfani ba ne, haka irin kayan suke. Minti 10 zuwa 12 a ciki ya isa, sai a cire kai a sha ruwa. Riga 'yar shara ta auduga a ciki, a canza ta lokacin hutun rabin wasa, musamman ranar da ake wasa biyu, na rana da na dare. Ba a yarda a wanke kayan ba, don haka kowane dare a juya cikinsu waje, a fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a rataye su inda iska ke bi. Wanda ya cusa su a jaka da gumi, washegari na baya ne zai ɗanɗana kuɗarsa.

Maɓallan hantsa huɗu ne, biyu sun riga sun saki tun kafin su iso. A fitowar tatsar nono uwar tana ja da ƙarfi don a yi dariya, don haka a ƙara ɗinki mai warwaruwa da zare mai kauri. A ɗauki hoton duk wata yagewa da tabo ranar karɓa a aika wa kamfanin nan take, domin daga kuɗin ajiya suke cire na gyara, kuma gefen kofaton da aka huda da fil yana cikin abin da suke dubawa.