Na kai Baba gidan tarihin Jos, jirgin ƙasa ya hana mu tafiya

Gaskiya ba da son raina na je ba. Yara ne suka matsa a kai su gidan zu, Baba ya ce shi ma zai bi mu ya miƙe ƙafa. Da muka fito na ce tunda gidan tarihin ga shi nan kusa, mu leƙa na minti goma. Sai da muka yi la'asar a wajen.

Kawunan Nok ɗin da ake ta magana, wato mutum-mutumin yumɓu na mutanen dā, mun gan su, waɗanda aka tono wajen haƙar kuza, har Bature Bernard Fagg ya buɗe gidan a 1952. Yara suka ce idanunsu na ban tsoro, muka wuce. Amma da muka iso wajen tsohon kan jirgin ƙasan nan, ɗan ƙarami, na layin Zariya zuwa Jos da aka rufe a 1957, sai Baba ya tsaya cak. Ya jingine sandarsa, ya dafa ƙarfen da hannu biyu. Ya ce, "A irin wannan aka kawo ni Jos, ina kan cinyar Inna." Wai in jirgin ya zo hawan dutse, tsabar nawarsa manya sauka suke su taka. Shekarata arba'in da ɗaya, ban taɓa jin wannan labarin ba sai ranar. Auta ta ce, "Kaka, kuka kake?" Ya ce ƙura ce.

Kwafin masallacin Juma'ar Zariya, wanda shahararren maginin nan Babban Gwani ya gina na ainihinsa, shi ma ya isa a gani. Ginin ƙasa ne, amma ka shiga sanyi kamar randa.

Abin da ya ɓata min rai a hanyar gida ya taso. Kwanon wankin kuzar Baba da digarsa, da ya yi aiki da su a Bukuru, mu da hannunmu muka sayar wa 'yan gwangwan bara, kuɗin ko cefanen rana ɗaya bai yi ba. Ga mai keken da ya kai mu, ɗan garin nan, bai ma san akwai gidan ba, zu kaɗai ya sani, kuma ya ninka mana kuɗi don ya ga tsoho.

Wajen da faɗi, gwiwar Baba ta kwana biyu tana ciwo. Duk da haka ya ce bayan Sallah a mayar da shi, da ƙaninsa na Barikin Ladi.