Ruwan zartsi a Tahoua: Spirulina ko Dunaliella?

Masu rijiyoyin burtsatse da ruwansu ya fito da zartsi sun dame ni da tambaya: wace gansakuka za a noma a ciki?

Spirulina ruwan kanwa take so, ba gishiri zalla ba. Kanembu na gefen tafkin Chadi sun daɗe suna ɗibarta, suna shanya ta a kan rairayi, su kira ta dihe. Zare-zare ce, da ƙyalle mai laushi ma za ka tace ta, ka matse, ka busar a inuwa. Fiye da rabin busasshiyarta furotin ne, kuma kanwar na korar yawancin baƙin ƙwayoyi.

Dunaliella kuwa sai gishirin ya ninka na teku sau da yawa take yin ja, ta tara beta-karotin, sinadarin da ke ba karas launinsa, wanda masana'antun abinci ke saye, kamar yadda ake yi a Ostareliya. Matsalarta girbi: ƙwayar ƙanƙanuwa ce, ƙyalle ba ya kama ta, sai injin juyi mai ware ta daga ruwa, mai cin lantarki. Mai saye ma yana ƙetare.

Dukansu suna zuƙe ƙarafa masu guba da ke cikin ruwa, don haka a fara kai ruwan gwaji.

Ƙungiyar mata ko mai ƙaramin jari, Spirulina. Mai ruwa mai tsananin gishiri, da fili, da kwangila a hannu, Dunaliella ta fi masa.