Sharhi a kan kujera mai naɗewa, bayan na je da ita fadamar Baturiya

Shekara huɗu ke nan gwiwata ta dama tana ba ni wahala. Zama a tabarma ba komai ba ne, tashin ne aiki: sai na dafa bango, ko na kira yaro ya miƙo mini hannu, ni da na yi shekara 35 a tsaye gaban allo a firamare. Shi ya sa da ɗan farina ya aiko in je in yi musu kwana biyu a ƙasar Kiri Kasamma, inda yake aikin malamin gona, har ya ce zai kai ni kallon tsuntsaye, saƙon da na ba ƙanwarsa ta mayar masa shi ne, to a ina zan zauna? Mako bai zagayo ba sai ga direban motar kasuwa ya sauke mini wata doguwar jaka baƙa kamar ta laima. Kujera ce a ciki.

Ƙafafunta siraran bututun ƙarfe ne masu baƙin fenti, mazauni da majingina kuwa yadi ne mai kauri irin na jakar 'yan makaranta. Idan ka ja hannuwan gefe da gefe sai ta buɗe, ka matse su ta tsuke ta koma jakarta. A hannun dama akwai ɗan aljihun raga na ajiye kofi. An rubuta a jikinta tana ɗaukar kilo 100, ni ban kai nan ba, don haka ban gwada gaskiyarsu ba. Ba ta da nauyi, jikana mai shekara bakwai ne ya riƙa rataya ta. Kuɗinta ɗan nawa ya ƙi faɗa mini, amma ƙanwarsa ta raɗa mini cewa ya kai na turmin atamfa mai kyau.

Na fara morarta tun a tashar Gujungu, ran Lahadi, kasuwa na ci, mota ta ƙi cika. Na buɗe abata a inuwa na zauna, mata masu talla suna ta leƙe. Kwandasta ya so karɓar kuɗin kaya, da ya ga na soke ta a gefen ƙafata sai ya haƙura. Haka muka bi ta Kaugama da Malam Madori har Haɗejiya, inda 'yata ke aure, washegari muka ƙarasa tare da ita.

Sai na faɗi wani abu don a gane dalilin da wannan kujera ta yi mini rana. Shekara tara da aurensa ban taɓa kwana a gidansa ba. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, gaisuwarmu ba ta wuce ya durƙusa ya ce "Inna, an tashi lafiya?" na amsa ina kallon gefe. Haka muka tarar, ban kuma ce laifi ba ne. Amma a cikin ɗaki ni da shi ba mu da hira, suruka ce ke cike mana shirun.

Mun fita bayan asuba, farkon Janairu, hunturu na kaɗawa. Baturiya fadama ce mai faɗi a cikin dausayin Haɗejiya da Nguru, a 2008 aka sa ta cikin wuraren dausayi masu muhimmanci na duniya. A wannan lokaci na shekara tsuntsayen Turai kan gudo wa sanyinsu, su tsallako Sahara su sauka nan, su gauraya da namu na gida. Ruwan damina ya fara janyewa, ya bar tabkuna cike da bado, ga bagaruwa da giyayya a bakin ruwa, goruba can a tudu. Kirinjijiya kuwa tun ba mu iso ba muke jin fitonsu.

A nan kujerar ta fara nuna halinta. Na sa aka kafa mini ita a bakin ruwa, inda ƙasa ta yi kamar ta bushe. Ban yi minti biyu da zama ba na ji ina komawa baya a hankali, ƙafafun baya suna nutsewa cikin laka kamar an soka tsinke a tuwo. Da 'yata ba ta riƙe ni ba, da ƙafafuna sun kalli sama a gaban suruka. Jikan nan nawa har da tsalle: "Matata ta faɗi, na fasa auren!" Na ce masa dama mijin da ba ya cefane wa yake so. Robar da aka sa a ƙarƙashin ƙafafun ba ta fi kwabo faɗi ba, a fili take cewa waɗanda suka ƙera ta siminti da busasshiyar ƙasa suka sani, ba su san fadama ba. Wani dattijo masunci da ke gyara komarsa ne ya ɗauko mana fallen katako biyu na tsohon kwale-kwale, aka jera, aka ɗora ta a kai. Daga nan ba ta sake motsi ba.

Na yi kusan awa uku a kanta, bayana bai gaji ba, gwiwar ma ta yi shiru. Yadin dai ba ya tare iska, sanyi ya riƙa shigowa ta baya sai da aka shimfiɗa mini bargo. Aljihun kofin nan da na ɗauka ado ne ya riƙe mini kofin kunun gyaɗa tsaf. Ina zaune na ga dinya biyu sun sauka da nauyinsu, zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya ya fi ni haƙuri, masunta suna kwance a kan gora suna tura ruwa da hannu.

Ɗan nawa kuma ya zo ya tsuguna a gefena, ba a gabana ba, dukanmu muna kallon ruwa. Ya nuna mini kacala, ciyawar nan mai tsayi da ta cinye bakin tabki, ya ce tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, aka ƙara da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canza. Da kogin kan yi ambaliya ya janye ƙasa ta bushe, yanzu wasu hanyoyin ba sa rabuwa da ruwa, kacala ta samu wurin zama ta toshe su, wasu gonaki su nutse, wasu su rasa ruwa. A cikinta kuma jan baki ke kwana, su fito da safe su faɗa wa shinkafar mutane. Daga maganar kacala ya gangaro kan bashin taki da manoma ke ci, daga nan kan ɗakin da yake son ginawa a gida, har ya tambaye ni ko ya sayar da ragunansa ko ya jira layya. Ban tuna ranar da ya taɓa neman shawarata baki da baki ba. Na ce ya jira.

Babban aibinta ga mai ciwon gwiwa shi ne tashi. Mazaunin yana lotsawa, ƙugu ya yi ƙasa da gwiwa, hannuwan kuma yadi ne, in ka dafa sai su lanƙwashe. Dole dai sai an miƙo hannu, abin da nake gudu ke nan tun farko. Duk wadda za a saya wa don ciwon ƙafa, ta nemi mai hannun ƙarfe ko na katako, mai tsayi, ta kuma zauna a kai ta tashi a gaban mai kanti kafin a biya. Sallar azahar dai a kanta na yi a zaune, ta yi daidai.

Kwana biyun sun zama tara. Kullum da la'asar sai a ɗauke ta zuwa gonar tattasai da ke bayan gari, ko gindin tsamiya inda yara ke gasa masarar rani. A kwana na shida ɗinkin kusurwar gaba ya fara warwarewa, mai gyaran takalmi ya bi shi da zaren roba, ya ma fi na kamfani ƙarfi. Ƙurar hunturu kuma ta shiga mahaɗan ƙarfen tana ƙara, sai da aka ɗiga man keken ɗinki.

A ma'aunina ta ci shida cikin goma. Da zan taho na bar ta a ɗakin suruka, na ce jakar ta yi mini yawa a mota. Jiya ƙanwarsa ta bugo waya ta ce ya kai ta wurin kafinta an yanka mata katako biyu daidai ƙafafun, an huda su an sa igiya, wai yana tambaya ko zan zo lokacin girbin alkama.