Tarakta da dusar ƙanƙara: me ya kamata ka saya, me za ka ɗaura mata

Salam 'yan'uwa. Duk shekara da an shiga Oktoba sai kira ya fara shigo min daga mutanenmu da suka sayi gida a bayan gari nan Kanada, a lardin Manitoba ko Saskatchewan, wai wace tarakta za su saya saboda dusar ƙanƙara. Ni dai abin da nake fara ce wa mutum, ajiye maganar tarakta tukuna, fita ka auna hanyar da ta taso daga titi zuwa ƙofar garejinka, mita nawa ce, kwalta ce ko tsakuwa, akwai gangara ko babu, sannan babbar tambayar, in ka kwashe ƙanƙarar ina za ka zuba ta? Don a nan abin da ya sauka a Nuwamba yana nan zaune har ƙarshen Maris, ba narkewa yake ba. Winnipeg, babban birnin Manitoba, takan samu sama da mita 1 a shekara, in ka kwatanta da Quebec ba wani yawa ba ne, mu matsalarmu iska ce, fili ne fetal ba tudu ba abin tare ta, sai ka share hanya tas da daddare ka wayi gari iska ta maido ta har gwiwa, kuma ta yi tauri kamar an daɓe ta.

In hanyarka kwalta ce kuma ba ta wuce tsawon mota huɗu ko biyar ba, don Allah kar ka sayi tarakta. Ƙaramar bulowa, wato injin da ke watsa ƙanƙara can gefe, ta turawa da hannu irin su Ariens ko Toro ko Honda ta ishe ka, ko ka yi kwangilar shekara da masu sharewa, shikenan. Maganar tarakta ta mai doguwar hanya ce, kamar tawa da ta kai mita 150 duk tsakuwa.

Mafi arha a cikin kayan da ake ɗaurawa shi ne allon ƙarfe na baya, irin na gireda, ka karkatar da shi ka ja, ƙanƙarar ta riƙa gangarawa gefe. In abin da ya sauka bai wuce santimita 10 zuwa 15 ba gaskiya ba abin da ya kai shi sauri, zuwa biyu dawowa biyu ka gama, kuma ba wani abu a jikinsa da zai lalace. Inda yake cin amana shi ne duk sharar da ka yi kana ƙara gina katanga ne dama da hagu, katangar nan kuma ita ce ke tare abin da iska ta kwaso ta zube maka shi a tsakiya, kafin Fabrairu hanyar da mota biyu ke giftawa ta koma da ƙyar mota ɗaya ke bi, ba kuma inda za ka ƙara turawa. Na yi hunturu guda da shi kaɗai, na san abin da nake faɗa. In tsakuwa ce da kai, a farkon sanyi juya allon ta bayansa ya riƙa shafawa kawai har ƙasa ta daskare, in ba haka ba tsakuwar da ka biya kuɗi aka zuba za ka tarar da ita cikin ciyawa da bazara.

Sai bokitin gaba irin na feloda, wanda yawancin ƙananan taraktoci da shi ake sayar da su. Wannan kar ka yarda ka sayi tarakta babu shi, don shi ne ke fasa tulin nan mai tauri da giredar ƙaramar hukuma take bar maka a bakin hanya, shi ne kuma ke ɗaga katangar ya matsar da ita baya. Amma share doguwar hanya da bokiti kaɗai wahala ce, ɗebo, ɗaga, juya, zubar, dawo, sai ka ci awa biyu cikin sanyi. Kuma a kula, ba a yawo da bokiti a sama cike da kaya, musamman kan gangara, nan take tarakta ke kifewa.

Wanda zan fi daɗewa a kansa ita ce bulowa, don ita ce maganin ƙasar iska. Ba turewa take ba, niƙe ƙanƙarar take ta watsa ta can nesa, ba katanga ba tuli, hanyarka yadda take a Disamba haka za ta kai Maris. Iri uku ce. Ta baya ita ce aka fi gani, a hannayen ɗaga kaya guda uku na baya take zama, farfelar PTO, wato sandar da ke fitowa daga bayan tarakta mai juyi 540 a minti, ke juya ta, kuɗinta da sauƙi, ta kowane kamfani tana hawa kowace tarakta matuƙar girman ya dace, ga bokitinka yana nan a gaba bai je ko'ina ba. Illarta ɗaya, da ribas ake aikin, wuyanka a karkace tun daga farko har ƙarshe, mai ciwon wuya ko baya ya yi tunani sosai. Ta gaba kuwa daɗin aiki kam ba a magana, kana kallon gabanka kana tafiya, amma sai taraktarka tana da farfelar tsakiya, kuɗinta kan kai kusan ninki biyu in ka haɗa da firam ɗin da take zama a kai, dole ka sauke bokiti duk hunturu, sannan firam ɗin na samfurin tarakta ɗaya ne, ranar da ka canja tarakta sai ka nemi mai irin taka sak kafin ka sayar. Ta ukun a baya take amma gaba ake tafiya tana haɗiye abin da ka taka, 'yan kwangila a Quebec ita suka fi amfani da ita, sai dai tana son tarakta mai nauyi da tsayi, ƙarama cikinta zai hau kan tulin ta maƙale.

Ni a ganina mai doguwar hanya a fili, bokiti a gaba bulowa a baya, nan kuɗinka zai fi yi maka aiki.

Ita kanta taraktar, mutanenmu idonsu na kan ƙarfin doki saboda mun saba da Massey Ferguson 375 ta huɗa a gida, ana ganin in ba babba ba ba tarakta ba ce. Nan ba haka ba ne. Kubota BX2380 ko John Deere 1025R, doki kimanin 22 zuwa 24, suna juya bulowa mai faɗin inci 50 zuwa 54 lafiya lau, abin lura kawai faɗin bulowar ya rufe sawun tayoyin baya. In kana son mai ɗan jiki akwai irin su Kubota L2501, ita ma ba ta kai doki 25 ba amma ta fi nauyi nesa ba kusa ba, kuma a kan santsi nauyi ya fi ƙarfin inji amfani. Dalilin da ya sa kamfanoni ke tsayawa ƙasa da 25, daga nan zuwa sama dokar hayaƙi ta sa yawancinsu na ɗauke da matatar DPF wadda sai inji ya yi zafi sosai take ƙone dattinta, aikin minti 20 cikin sanyi ba ya mata daɗi. Abu biyu da ba zan sassauta ba, ta zama mai jan ƙafa huɗu, kuma giyarta ta zama ta HST, wato da feda kake zuwa gaba ko baya ba sai ka canja giya ba, don bulowa tana son inji ya yi ta kuka a sama kai kuma kana rarrafe a hankali. Tsofaffin manyan taraktocin gona da za ka gani da arha a shafin saye da sayarwa na Kijiji, da yawansu ribas ɗinsu ya yi gudu da yawa, bulowar sai ta shaƙe.

Kafin ka yi sha'awar ɗaki mai gilashi da hita, wanda tabbas ni'ima ne ranar da iska ke maido maka da garin ƙanƙara a fuska, fara ware kuɗin ƙananan abubuwan nan. Sarƙar taya, ko ta baya kaɗai ce. Nauyi a tayoyin baya, ana ɗura musu ruwan gwozar sukari wanda ba ya daskarewa kuma ba ya cin rim kamar ruwan gishirin kalsiyam. Hitar inji ta jonawa a wuta, don ranar da aka tashi da sanyin digiri -30 injin dizal ba zai amsa maka ba sai ka ɗumama shi awa biyu ko uku. Man ma ka tabbata na hunturu ne, wanda ka sayo a Agusta ya rage a jarka zai yi kauri ya toshe filta a tsakiyar hanya. Sannan ka kafa sanduna masu ƙyalli a gefen hanya tun ƙasa ba ta daskare ba, in komai ya yi fari ba ka gane ina kwalbati take.

In bulowar da wani ya riga ya yi amfani da ita za ka saya, juya fankar da hannu ka ji ko tana gogar jiki, leƙa akwatin giyarta ko yana yoyon mai, duba takalman ƙarfen da take zamewa a kansu, a kan tsakuwa sai ka sauke su bakin ya ɗaga kamar yatsa biyu don kar ta riƙa harbin gilashin mota da duwatsu. Ka kuma duba ƙusar nan da aka yi ta don ta karye in an ci karo da dutse ko katako, wasu sukan gaji da canja ta su sa bol mai tauri, to irin wannan akwatin giyar ne ya sha dukan, ka rage kuɗi ko ka haƙura da ita. Kai ma ka ajiye biyar ko shida a akwatin tarakta. In ta toshe kuwa, kashe inji gaba ɗaya, cire makulli, jira komai ya tsaya, sannan ka zaƙulo da sanda, hannu ba ya shiga ciki ko da wasa.