Gashin ƙashi bayan canjin gwiwa: sun iya aiki, amma sai ka tambaya

Wanda za a canja wa gwiwa ya shirya wa masu gashin ƙashi fiye da yadda zai shirya wa tiyatar. Washegarin aiki suka tashe ni tsaye da ƙarfen dogarawa, ɗinki ɗanye, ina ta kallonsu ko wasa suke yi.

Abin da ya fi burge ni a cibiyar da na yi gashi shi ne ba sa aiki da ka. Kowane zuwa sai an ɗora ma'auni a gefen gwiwa an rubuta iya lanƙwasarta. Burin farko digiri 90, daga nan a nemi wajen 110 zuwa 120, don sai an kai nan feda take zagayawa a keken motsa jiki, saukowa daga bene ma ta daina zama tashin hankali. Ni duk hankalina yana kan lanƙwasawa, ita kuwa mai kula da ni miƙewa ce ta dame ta. Sai ta tura naɗaɗɗen tawul ƙarƙashin diddigena ta ce, "Baba, danna bayan gwiwar ƙasa, ƙafar da ba ta miƙe sosai ba ɗingishi za ta bar maka." Minti kaɗan ne, amma gumi har cikin ido. Ta kuma hana ni sa matashi ƙarƙashin gwiwa in zan kwanta, duk daɗinsa. Tsokar gaban cinya ta sha wuya kafin ta farfaɗo. Da farko ko ɗaga ƙafar daga katifa ba na iyawa.

Inda suka gaza: maganar komawa wasa ba wanda ya ɗauko ta sai da na matsa. Ga yawan canja ma'aikata, yau wannan gobe wancan, kowa sai ka sake ba shi labari daga tushe.

Da na tambaya dai, amsar ta fito sarai. Iyo, keke da tafiyar ƙafa, bismilla. Tanis na mutum biyu-biyu sai likitan tiyata ya amince. Gudu, tsalle da ƙwallon ƙafa a haƙura, saboda robar da ke tsakanin ƙarafan sabuwar gwiwar tana cinyewa da yawan duka.

Yanzu ina iyo, ina hawa keke. Gefen tabon ta waje har yau a dushe nake jinsa, durƙuso kuma ba daɗi, da yamma gwiwar takan kumbura sai na ɗora ƙanƙara. Sun ce kumburin kan ɗauki watanni. Zan tura wani wurinsu, amma ya faɗa musu wasan da yake son komawa tun ranar farko, ya kuma nemi a tsayar masa da mutum ɗaya.