Sharhi: haɗa foldar saba da Group Policy a ofishin da ke aiki da janareta

A ƙananan ofisoshin karkarar Jigawa, daga wajen Ringim har Gumel, ƙorafin safiya kusan ɗaya ne: "Malam, yau Z ɗina bai fito ba." Z ɗin nan harafi ne da aka ba foldar da ke kan saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe fayilolin ofis. Jiya ya fito, gobe ma mai yiwuwa ya fito. Na yi aiki da hanyoyi biyu na ba foldar saba harafi a kwamfutar ma'aikaci: rubutaccen umarnin net use da ke gudana lokacin shiga, da kuma sashen Drive Maps na Group Policy, tsarin da saba ke tura wa kwamfutoci dokoki da shi, a Windows Server. Na biyun ya fi nesa ba kusa ba, amma shi kaɗai ba ya kawar da matsalar.

Na fifita shi ne don yana raba wa kowa nasa cikin sauƙi, akanta ya ga foldar kuɗi, sakatare ya ga ta wasiƙu. Idan kuma ya gaza yana barin shaida, lamba 4098 a Event Viewer, inda Windows ke rubuta abin da ya faru. Shi rubutaccen umarni shiru yake gazawa, ga shi a Windows 8.1 an shigo da jinkirin minti 5 kafin ya gudana, don haka gara a mayar da wannan jinkirin sifili.

Tushen yawancin abin rige-rige ne. Windows ba ya jiran netwok kafin ya buɗe wa mutum, da fasawod ɗin da ya adana tun jiya yake shigar da shi. To ka duba yadda ake buɗe ofis: maigadi ya tada janareta, komai ya kama lokaci guda. Kwamfutar tebur ta tashi cikin minti ɗaya, saba kuwa tana ɗaukar mintuna. Kafin ta shirya, magatakarda ya riga ya shiga, kwamfutarsa ta nemi folda ta rasa. Wanda ya makara zuwa aiki shi ne nasa ke fitowa lafiya lau, shi ya sa ake ganin abin kamar ba shi da kan gado. Lambobi 1129 da 5719 a rajistar System su ne ke tabbatar da haka.

Gyara biyu ne. A kunna dokar "Always wait for the network at computer startup and logon", tana ƙarƙashin System, sannan Logon, a ɓangaren kwamfuta. Shiga zai ɗan yi nauyi, kuma ban ba da shawarar ɗora ta a laftof ɗin da ake fita da su ƙauyuka ba. Sannan saba da suwic, akwatin da kebul ɗin kwamfutoci ke haɗuwa a cikinsa, su koma kan inbata ko UPS, su riga kowa tashi. Wannan na biyun ya fi komai amfani. Suwic mai saiti kuma, idan tsohon tsarin Spanning Tree mai hana saƙo zagaye a netwok ne a kansa, yana riƙe kowace kafar kebul kimanin daƙiƙa 30 kafin ya sake ta. A sa PortFast, saitin da ke cire wannan jira, a kafofin kwamfutoci kawai.

Inda Drive Maps ke da tarko shi ne zaɓin Replace. Yana goge harafin ya sake ƙirƙirarsa duk lokacin da dokoki suka sabunta, wato kowane minti 90 da ƙarin da ba ya wuce 30. Mutum yana tsakiyar lissafin taki a Excel sai fayil ya ƙi ajiyuwa. A zaɓi Update.

Sai DNS, mai fassara sunan kwamfuta zuwa adireshinta. Da yawa an bar rauta ko MiFi na raba adireshi, ko an sa 8.8.8.8 na Google a matsayin DNS na biyu. Ranar da kwamfuta ta tambayi na waje sunan saba, ba za ta same shi ba. A buga ipconfig /all, a tabbatar adireshin saba ne kaɗai a layin DNS.

Kwamfutocin gwanjo suna da nasu ciwon: ɗan batirin CR2032 da ke kan motherboard ya mutu, agogo ya koma baya duk sanda aka ɗauke wuta. Kerberos, tsarin da ke tantance mai shiga, ba ya yarda da bambancin agogo tsakanin kwamfuta da saba da ya wuce minti 5. Batirin ba shi da tsada, a canza shi kawai.

Kuskure na 85 lokacin haɗa folda yana nufin wani abu ya riga ya kama harafin, galibi filasha, don haka a nisanci E da F. Na 1219 kuwa mutum ɗaya ne ya shiga saba da sunaye biyu. A share da net use * /delete, a cire tsohon sunan daga Credential Manager. Idan kwamfuta ɗaya ce tak ke da matsalar alhali umarnin gpresult /r ya nuna dokar ta iso, a bar saiti a bi kebul ɗinta har bango, don ɓera da ƙurar hunturu suna taɓa kan kebul, wato RJ45, fiye da yadda ake zato.